Na ɓamɓare takardar bangon kicin, yanzu maigida da Hamma kowa da tasa

Assalamu alaikum Goggo. Ina zaune a Garwa ta ƙasar Kamaru, shekarata huɗu da aure, ina da yaro ɗan shekara biyu da rabi, ga kuma ciki ya shiga wata takwas. Lokacin bikinmu Addar maigidana, wato yayarsa, ita ce ta sayi takardar bango mai furanni ta sa aka liƙa mana a falo da kicin, gudummawarta ke nan. Ta falo tana nan lafiya lau. Ta kicin kuwa maiƙo da hayaƙi sun gama da ita, gefunanta sun ɗago, kyankyasai sun yi gida a baya. Da maigida ya yi tafiya Kusiri sai na kama kusurwa ɗaya na ja, ban ankara ba na ɓamɓare fiye da rabi. Wani wurin ta bar danƙo, wani wurin filasta ta biyo ta, ƙasan wurin wanke-wanke baƙi ƙirin, ga kuma wani tsohon fentin mai kore a ƙarƙashi. Da ya dawo ransa ya ɓaci. Adda ma ta ji labari, ta ce na raina kyautarta. Na ɗauki adashe, ina so a sa tayil a wajen murhu da wurin wanke-wanke, sauran a yi fenti. Abokin maigida mai fenti ne, ya ce kwana uku ya ishe shi: zai goge da sanfefa, ya shafe bangon duka da hodar gyara, ya yi fenti, mai tayil ya ɗora a kai. Hammana, wato yayana, magini ne, ya leƙo ya ƙwanƙwasa ya ce in aka yi haka tayil zubowa zai yi, sai an sassaƙe an jira wata guda. Maigida ya ce gidansa ne ba na Hamma ba, kuma ba zai tara jama'a ranar suna su ga kicin kamar kango ba. Ni kuɗina nake ji, kuma ba na so a ce na bi bayan ɗan'uwana. Yaya zan yi?

Wata baiwar Allah, daga Garwa

Wa alaikumus salam 'yata. Sannu da fama, Allah ya raba lafiya.

Kafin maganar wa ke da gaskiya, ki ajiye wuƙar kankara, daga yau kada hannunki ya sake taɓa bangon nan. Abin da ya fi tsaya min a rai a wasiƙarki shi ne tsohon fentin mai ɗin nan kore. Fentin mai na da, musamman mai launi irin kore da ɗorawa da ja, da yawansa ana haɗa shi da dalma. Sai a 2017 Kamaru ta yi dokar da ta hana fentin da dalmarsa ta wuce kashi 90 cikin miliyan, kuma babu mai iya duban bango da ido ya ce wannan da ita, wannan babu. Muddin fentin yana zaune a jikin bango ba ya ɓarewa, da sauƙi. Ranar da aka sa masa sanfefa a bushe ya zama ƙura, ranar ce ya shiga hanci da tukunya da hannun yaro mai kai komai baki. Dalma tana ratsawa daga jinin uwa zuwa ɗan da ke ciki, ɓarnarta kuma a ƙwaƙwalwar yara take, ba ta da saurin nuna kanta. Ita ce gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake can daga niƙan dutsen zinariya ta fito a cikin gidaje, yawanta kuma ba ɗaya ba ne da na bangon kicin. Ban kawo wannan don in tayar miki da hankali ba. Na kawo ne don ki san cewa a cikin shirin abokin maigida, gugar sanfefar nan ita ce abin da ba za a yi ciniki a kansa ba. Duk wanda zai yi aikin ya jiƙa bango kafin ya kankare, a fitar da abinci da kwanuka gaba ɗaya, a rufe ƙofar kicin da leda, a riƙa goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya. Ke da yaro ku koma girki a tsakar gida. In kuma kin san kin sha ƙura lokacin da kike ɓamɓara, ki faɗa wa ma'aikaciyar asibiti ranar awo.

To, sai hukunci. A kan bango Hamma ya fi gaskiya. A kan gida kuwa maigidanki bai yi ƙarya ba, gidansa ne. Ki sa kanki a matsayinsa: ya dawo daga tafiya a gajiye ya tarar da aikin da bai shirya masa ba, yayarsa tana fushi, ya kira abokinsa don a rufa asiri, sai ga suruki ya shigo ya rushe maganar abokin. Ko da Hamma ya faɗi gaskiya tsantsa, ta zo masa ta ƙofar da ba zai iya karɓa ba tare da jin an ƙasƙanta shi ba. Takardar kam ta isa cirewa, wurin da kyankyaso ya yi ƙwai ba wurin dafa abinci ba ne, amma da kin jira ya dawo ko kin buga masa waya, da rabin rigimar nan ba ta taso ba. Ki ba shi haƙuri a kan wannan kaɗai, a gajarce, ba tare da kin haɗa da "amma" ba. Sannan ki roƙi Hamma ya ja baya, kada ya sake zuwa duba bango sai in maigida ne da kansa ya kira shi.

Daga nan ki daina kawo hujjar kowa. Gani ya kori ji. Ki samu lokacin da yake cikin nishaɗi, bayan ya ci abinci, ki ce kina so ya duba miki wani abu da hannunsa, ke kina tsaye daga bakin ƙofa. Ya kashe wutar kicin daga mita tukuna, don ruwa da soket ba sa shiri. Ya jiƙa soso da ruwan ɗumi ya shafa inda takarda ta fita, ya jira kaɗan, ya shafa tafin hannu. In ya ji santsi kamar yauƙin kuɓewa, gam ne yana nan da ransa. Irin wannan gam ɗin da ruwa aka dama shi, ruwa kuma ke tayar da shi, shi ya sa in aka shafa fentin ruwa a kansa sai ya jiƙe ya kumbura, fentin ya tsattsage ya fara ɓarewa. Sai ya ɗauki makulli ko bayan cokali ya bi bangon yana ƙwanƙwasawa. Inda filasta ta kama bulo zai ji sauti a tsuke, inda ta rabu zai ji ƙwal-ƙwal, akwai iska a baya. Duk inda ya ji haka ya zagaye da gawayi. Ya manna salatif mai faɗi a kan koren fentin ya fizge, in fenti ko gari ya biyo, wurin ba zai riƙe komai ba. Na ƙarshe, ya yanki leda mai fili kamar faɗin faranti ya liƙa a wurin da ya yi baƙi, ya rufe gefunan huɗu da salatif, a bar ta kwana biyu. In an ɗaga an ga raɓa a cikin ledar ko bangon ya yi duhu, ruwa daga cikin bango yake fitowa. Mutumin da ya zana da'ira bakwai ko takwas da hannunsa ba ya buƙatar suruki ya gaya masa bangon ba lafiya.

Abin da zai raba gardamar, kuma kowa ya fita da mutuncinsa, shi ne a gane cewa bango biyu gare ku, ba ɗaya ba. A ja layi da ma'aunin ruwa daidai inda tayil zai tsaya. Abin da ke sama da layi fenti zai ɗauka, yana son laushi da sumul, kuma nan hodar abokin maigida take da amfani ƙwarai, aikinsa ne ya iya. Abin da ke ƙasa da layi nauyi zai ɗauka, yana son ƙarfi da kaushi. Tayil da gam ɗinsa sukan kai kilo 15 zuwa 20 a kowace murabba'in mita, kuma tayil ba ya riƙe bulo, abin da ke bayansa kai tsaye yake riƙewa. In hoda ce a bayansa, hoda a kan tsohon fenti, fenti a kan filastar da ta saki, to duk nauyin nan yana rataye ne a kan mafi raunin su. Hodar gyara yawanci ta alli ce ko ta jifsin, in ta sha danshi sai ta yi laushi, gam ɗin tayil kuma na siminti ne, shi da jifsin ba sa zama lafiya a wuri mai laima. Wurin wanke-wanke kuwa kullum cikin laima yake. Saboda haka ƙasa da layi ba hoda, ba fenti, a kankare har a ga fuskar siminti, inda ya yi sumul a sassara shi da guduma don gam ya samu abin kamawa. Da wannan rabon abokin bai rasa aikinsa ba, maganar Hamma ta tabbata ba tare da an ambaci sunansa ba, mai tayil kuma maigida ne zai zaɓo shi.

Ga yadda aikin zai tafi bi da bi. In leda ta nuna ruwa, mai famfo ne farkon shiga, a nemo inda bututu ko magudanar wurin wanke-wanke ke yoyo, a leƙa bayan bangon ta waje ko ruwan indararo ne ke dukansa, tunda damina ba ta gama ɗaukewa ba. In za a ƙara soket ko a matsar da shi, yanzu ne, ba bayan an sa tayil ba. Sai cire ragowar takarda: a fizge fatar sama, a jiƙa ta ƙasa da ruwan ɗumi da ɗan sabulun wanke-wanke, a ba ta kamar minti 15 ta sha, a kankare, a wanke, a ɗauraye, a maimaita har santsin ya tafi. In takardar irin ta roba ce mai zuwa da gam a jikinta, wadda ake ɓare bayanta a manna, ruwa ba ya narkar da danƙonta, sai an sa kananzir ko tina, ruwan da ake tsinka fentin mai da shi, a tsumma, sannan a wanke da sabulu sosai don shi ma kananzir maiƙo ne. Ranar da za a yi wannan a fitar da tukunyar gas, ba wuta ba sigari, taga a buɗe, ke kuma ki tafi gidanku ki wuni. Maiƙon da ke saman murhu a wanke shi da ruwan zafi da omo har sai ruwa ya daina taruwa ɗigo-ɗigo a kansa. Baƙin nan na ƙasan wurin wanke-wanke fumfuna ce, a goge ta da ruwan javel, wato bilic na wankin fararen kaya, kashi 1 cikin ruwa kashi 4, da safar hannu. Kada a kuskura a gauraya javel da ruwan tsami na wanke tayil ko wani maganin wanki, iskar da ke tashi daga haɗin tana ƙona huhu. In an ga farin gari kamar gishiri yana fitowa daga siminti, wannan a bushe ake goge shi da burushi, ruwa mayar da shi ciki yake yi.

Duk inda aka zagaye da gawayi a fasa har a kai wuri mai ƙarfi, a share, a yayyafa ruwa, a cike da siminti awo 1 da tankaɗaɗɗen yashi awo 4. Siminti ba ya yi muku wuya, ga masana'antar siminti ta Figil nan kusa, amma a taɓa buhun kafin a biya, wanda ya kwana a danshin damina ya yi ƙulalai ya rasa ƙarfinsa. Facin yana son a riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma na 'yan kwanaki. Mutane suna ganin zafin Garwa ya busar da siminti a yini ɗaya sai su ɗauka ya nuna, alhali siminti da ruwa yake yin ƙarfi, wanda ya bushe da wuri shi ne mai tsagewa yana zubar da gari.

Yanzu lissafin kwanaki, wanda shi ne ainihin damuwar maigida. Sabon faci yana son kamar mako 2 kafin a ɗora masa tayil, fenti kuwa kamar mako 4, don sabon siminti yana da kaifi irin na kanwa da ke cin fenti, musamman na mai. Kin ga ashe wata gudan da Hamma ya faɗa na fenti ne, tayil bai kai haka ba. In aka fara a makon nan, in Allah ya yarda tayil zai hau kafin ki sauka. Fenti ni dai shawarata a bar shi sai bayan arba'in. Haihuwa ba ta bin kalanda, warin sabon fenti bai dace da jariri ba, ga kicin ɗin mai jego ba ya hutawa da tururin kunun kanwa da ruwan zafi. Zuwa lokacin nan hunturu ya riga ya shigo, bango ya bushe har ciki, sai dai a kula da ƙura, a goge bango kafin a shafa, kada a yi aikin ranar da iska ke kaɗawa. Ranar suna kuwa, ki tuna masa a hankali cewa girkin taro a tsakar gida ake yin sa da manyan tukwane, maza ba sa leƙa kicin, matan da za su shiga kuma sabon tayil za su gani da wankakken bango, ga labule a ƙofa. In zuciyarsa ba ta kwanta ba, akwai tsaka-tsaki: abokin ya yi silin da saman bangon da ba a yi wa faci ba da fentin ruwa, ke da yaro kuna gidanku kwana biyu ko uku, sauran a ƙarasa daga baya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a watsa farar ƙasa don a rufe ido, domin gobe fenti ba zai kama a kanta ba sai an sake kankarewa.

Ranar sa tayil a samu mai tsayawa a kai, maigida ko ƙaninsa. A nan ne ake cutar mutane, ba don mugunta ba, don sauri. Wasu masu aikin sukan ɗora gam dunƙule huɗu ko biyar a bayan tayil su manna. Yana da sauri, yana cin gam kaɗan, amma yana barin rami a baya, in tukunya ta buge shi ya fashe, kuma kyankyasan da kika kora sun samu sabon gida wanda ba ki isa ki ɓamɓare ba. A shafa gam ɗin a bango da cokalin magini mai haƙora, a danna tayil a ɗan murza shi, lokaci-lokaci a ɗaga ɗaya a duba ko bayansa ya cika. Kada a shafa wuri mai faɗi a lokaci ɗaya, gam yakan fara yin fata cikin kamar minti 20, a zafinku ma bai kai haka ba. A bar tsakani na milimita 2 zuwa 3, a jira awa 24 kafin a cike shi, kuma a bayan murhu ki zaɓi abin cikewa mai ɗan duhu, fari ba ya jure manja da daddawa. Inda tayil ya haɗu da wurin wanke-wanke a sa silikon, abin toshe tsaga mai kama da roba, siminti tsagewa yake a nan. Ki sayi tayil da rarar kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, duka a lokaci ɗaya, ki duba lambar da ke jikin kwalayen ta zama ɗaya, don launi yakan ɗan bambanta daga wannan rukuni zuwa wancan. In lokacin fenti ya zo, a fara da shafin farko mai kama bango, sannan hannu biyu na fentin da ake iya gogewa da jiƙaƙƙen tsumma.

Kuɗin adashenki in bai isa duka ba, a rage faɗin tayil, kada a rage gyaran da ke ƙarƙashinsa. Layi uku ko huɗu a saman wurin wanke-wanke, a ɗan ƙara tsawo a bayan murhu, ya wadatar. Kuɗin kuma ki damƙa wa maigida shi ya yi ciniki ya biya kashi-kashi, wani a farko, sauran in an gama an ƙwanƙwasa an ji ba rami. Wannan zai nuna masa cewa aikin nasa ne, ke kuma ya hutar da ke.

Adda kada ki bari fushinta ya kwana da yawa, ita ce za ta tsaya a kan hidimar suna. Ki je har gida in jiki ya bari, in ba haka ba ki kira ta. Ki ce kin yi garaje ba ki sanar da ita ba, ta yafe. Kada ki kawo zancen kyankyaso, zai zama kamar kina kushe abin da ta saya. Ki gaya mata gaskiyar da za ta ji daɗi, cewa ta falo har yau kamar sabuwa, ta kicin wuta da maiƙo ne suka ci ƙarfinta bayan shekara huɗu. Sannan ki roƙe ta ta raka maigida kasuwa ta zaɓo miki tayil, tunda ke ba ki iya yawo yanzu. Ki gaya mata launi biyu da kike so tun daga gida, don kada a kawo miki abin da za ki yi shekara goma kina harara.

In duk an yi wannan maigida ya kafe sai an gama komai cikin kwana uku, kada ki mai da shi yaƙi da tsohon ciki. Ki riƙe abu biyu kawai. Ba za a goge tsohon fenti a bushe ba, kuma ke da yaro ba kwa cikin gidan sai an gama an goge ko'ina. Sannan a yi fentin kaɗai, tayil a ɗaga shi zuwa bayan arba'in, kuɗinki na ajiye. Fenti in ya ɓare asarar bokiti ɗaya ce, a kankare a sake, amma tayil da ya saki a saman tukunya mai tafasa, ga yaro yana wasa a ƙasa, ba abin gwadawa ba ne. Allah ya sauke ki lafiya, ki rubuto min in an yi suna.

Goggonki